rr: kayan binciken da ya dace da mai gina injin harshen kwamfuta

Mai gina injin da ke gudanar da harshe irin Lua, Python, Ruby ko JavaScript ya san cewa kurakuran da suka fi cin rai ba sa bayyana a inda suka faru. A ce wani aiki da aka rubuta da C ya ƙirƙiri abu, ya riƙe adireshinsa a hannu, bai sanar da mai kwashe shara ba, wato sashen injin da ke share abubuwan da ba a amfani da su daga memori. Sai ya sake neman memori, mai shara ya tashi, bai ga kowa riƙe da abin farko ba, ya kwashe shi. Inji ya ci gaba da gudu lafiya lau, sai bayan miliyoyin umarni ya faɗi a wani wuri da ba ruwansa. gdb, manhajar binciken kurakuran shiri, zai nuna maka inda aka faɗi, amma inda aka yi tuntuɓe ya riga ya wuce. Ka sake kunnawa kuma adireshi ya sauya, wani lokacin ma inji ya ƙi faɗuwa.

Wannan ciwon rr yake magani, manhaja ce da ke naɗe gudun shiri don a maimaita shi. A Mozilla aka ƙera shi, Robert O'Callahan na cikin jagororin aikin, ya fito a 2014 don farautar kurakuran Firefox masu zuwa su ɓace. Kyauta ne, kuma a Linux kawai yake aiki.

Umarni biyu ne ginshiƙinsa. `rr record ./inji gwaji.lua` zai gudanar da shirin yana naɗe duk abin da ya shigo masa daga waje: amsoshin tsarin aiki, sigina, agogo, da lokacin da aka sauya daga wani zare (thread, wato layin gudu guda a cikin shiri) zuwa wani. `rr replay` kuma zai buɗe gdb a kan wannan naɗin. Kowane adireshi da kowace rajista suna dawowa daidai yadda suke a gudun farko, ko sau ɗari ka maimaita. Ga mai aiki da mai shara, wannan kaɗai ya isa dalilin sauke shi, domin adireshin da ka rubuta a takarda jiya yana nan yau.

Ga yadda ake bin kuskuren da ke sama. Ka harhaɗa injin da `-g` da `-O0` ko `-Og`, ka naɗa har ya faɗi. A cikin maimaici ka buga `continue` ya kai ka wurin faɗuwar. Duba abin da ya lalace, sa masa gadi da `watch -l abu->iri`, sannan `reverse-continue`. Kada a manta da `-l` ɗin nan, shi ke sa gadin ya tsaya a kan adireshin kansa, ba a kan sunan da zai ɓace da zarar an fita daga aikin ba. Sau da yawa komawar farko takan tsaya a kan siginar faɗuwar, sai ka sake bugawa. Daga nan shiri zai yi baya ya tsaya a kan wanda ya rubuta a wurin daga ƙarshe. Yawanci sabon abu ne da ya gaji wurin. Ka ƙara komawa, ka iske mai shara yana kwashewa, kuma `bt` zai nuna maka wane neman memori ne ya tashe shi. Mai laifin yana cikin wannan jerin.

Idan mai sharar mai kwafe abubuwa ne zuwa sabon wuri, akwai ƙarin mataki. Gadin zai tsaya a cikin kwafin, ka karanta adireshin da aka kwafo, ka cire tsohon gadi ka sa sabo a can. A kula, firosesan x86 gadi 4 kawai yake ɗauka, kowanne bai wuce bayit 8 ba, saboda haka a riƙa share waɗanda aka gama da su.

rr ba ya haifar da kuskure, wanda ya faru yake kamawa. Don haka a haɗa shi da yanayin takura wa mai shara, irin `GC.stress` na Ruby ko gczeal na SpiderMonkey, injin JavaScript na Firefox, ko a sa naka injin ya yi shara a kowane neman memori. Wannan yana matso da faɗuwa kusa da dalilinta, naɗin ma ya yi gajere. Ga kurakuran zaruruwa akwai `rr record --chaos`, wanda ke hargitsa jadawalinsu da gangan. A sa shi yana maimaituwa har gwajin ya faɗi.

Ɓangaren JIT, wato inda inji ke juya shiri zuwa umarnin firosesa yana cikin gudu, ma ya yi kyau. rr ba ya sake rubuta umarnin shiri domin ya bi sawunsa, ƙidayar rassan sharaɗi da firosesa ke yi yake dogaro da ita, saboda haka umarnin da inji ya ƙirƙira yana cikin gudu yana maimaituwa daidai. Sai dai gdb bai san sunayensu ba, dole ka yi aiki da `x/20i $pc` da `reverse-stepi`. Gadi a kan adireshin gurɓataccen umarni zai kai ka kai tsaye ga layin da ya fitar da shi.

Yanzu ga inda yake gazawa. Zare ɗaya yake gudanarwa a lokaci guda, a kan cibiya ɗaya ta firosesa. Injin da ke shara da zaruruwa takwas zai yi nauyi ƙwarai, kuma kuskuren da ke buƙatar cibiyoyi biyu su taɓa memori a tare ba zai fito ba sam. Wannan babban giɓi ne ga mai gina mai shara na zamani, kuma ThreadSanitizer, kayan gano karon zaruruwa a kan memori, ya fi dacewa da wurin. Komawa baya ma ba nan take ba ne: rr yakan koma wani zango da ya ajiye ya sake gudu gaba, don haka a dogon naɗi ana jira. Umarnin `when` yana ba da lambar aukuwa, `rr replay -g` da lambar kuma ya sauke ka kusa da wurin.

Girka shi yana da ƙa'idoji. A firosesan Intel daga samfurin Nehalem zuwa sama yana aiki. A AMD Zen ana buƙatar gudanar da `zen_workaround.py`, kuma a sake bayan kowace kunna kwamfuta. Idan ya yi ƙorafi kan `perf_event_paranoid`, a saukar da shi zuwa 1 da `sysctl`. A Docker sai an ƙara `--cap-add=SYS_PTRACE` da `--security-opt seccomp=unconfined`. Kwamfutocin haya na intanet da yawa ba sa buɗe ƙidayar firosesa, can ba zai tashi ba.

Masu harshen Julia sun nuna hanyar da ta kamata a kwaikwaya: tun sigar 1.5 ta 2020, `julia --bug-report=rr` yana naɗe matsalar mai amfani ya aika wa masu gyara. Ƙaramin aiki ma zai iya yin kwatankwacin haka, ya gudanar da gwaje-gwajensa a ƙarƙashin rr, ya ajiye naɗin waɗanda suka faɗi kawai, ya ɗaure su da `rr pack` kafin a kai wata kwamfuta. A tuna naɗin yana ɗauke da duk abin da shirin ya karanta, har da kalmomin sirri idan sun shiga, don haka a duba kafin a miƙa wa wani.