Maganin gwazarma a ciyawar ado: wanne za ka saya, kuma yaushe?

Duk mai ciyawar ado a Bauchi, ta tsakar gida ce ko ta filin ƙwallo, ya san yadda take yi idan damina ta ja baya. Wuri-wuri ta bushe, ka ba ta ruwa ba ta farfaɗo ba, ka kama ka ja ta taso kamar tabarma, don an cinye saiwar. Aikin gwazarma ne, farar tsutsar nan da ke cikin ƙasa. A lokacin ne ake rugawa kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti neman magani, alhali lokacin sa shi ya wuce da wata uku.

Uwar gwazarma ƙwaro ce, irin masu ruwan ƙasan nan da ke rububin fitila da dare bayan ruwan farko mai ƙarfi, a Mayu ko Yuni. Tana ƙwai cikin ƙasa mai laima, cikin mako 2 zuwa 3 su ƙyanƙyashe. Ƙananan suna nan sama-sama kusa da saiwa, magani kaɗan ya ishe su. Zuwa Satumba sun ƙoshi sun yi tauri, da rani kuwa sun nutse inda feshi ba ya kaiwa.

Shi ya sa ni imidacloprid nake saya, kuma shi nake nuna wa kowa. Haka sunan yake a jikin kwalba, ko wane kamfani ya yi shi. Saiwa tana shanye shi, ya zauna a ƙasa makonni da dama yana jiran 'ya'yan. Da ka ga ƙwarin sun fara yawa a fitila, to daga nan zuwa tsakiyar Yuli ne damarka. Aske ciyawar tukuna, musamman idan akwai haki mai fure a ciki, domin maganin nan mugu ne ga ƙudan zuma. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a fili a 2018. Bayan feshi, nan take ka bi shi da ruwa kamar santimita 1, ya sauka ƙasa. Wanda ya tsaya a kan ganye asara ne. Kada kuma ka fesa hadari na haɗowa, kwata za ta sha kuɗinka. Yara da kaji su jira sai wurin ya bushe.

Chlorantraniliprole ya fi shi daɗewa, ya fi sauƙi ga ƙudan zuma, amma yana son a sa shi tun da wuri, ga tsada, ga wuyar samu. Trichlorfon da carbaryl na wanda ya makara ne, suna kashe manya a Satumba, sai dai ba sa jimawa. Su cypermethrin da lambda-cyhalothrin a ganye suke maƙalewa. Ota-piya-piya kuwa iska ce take kwashe shi, bar shi.

Amma duk wannan lissafi banza ne idan abin da ke cikin kwalbar ba shi ba ne. An taɓa sayar mini da na awo, wanda aka juye a gorar ruwa, mai shago yana rantsuwa daga babbar jarka ya ɗebo. Gwazarma ta ci damina lafiya ƙalau. Tun daga nan, abin da ba a liƙe bakinsa daga kamfani ba, ko kyauta ba na karɓa. Duba lambar rajistar NAFDAC, duba ranar da aka yi shi da ranar ƙarewar wa'adinsa, kuma ka shafa wurin da yatsa: masu ha'inci suna manna sabuwar takarda a kan tsohuwa. Kwalbar da rubutunta ya koɗe ta kwana biyu a rana, ko ta gaske ce ƙarfinta ya ragu. Karanta ƙarfin maganin ma, don wanda aka rubuta wa 200 SL (na ruwa) da wanda aka rubuta wa 70 WG (na tsaba) ba ma'auninsu ɗaya ba. Idan aka ce maka "ai duk ɗaya ne, Alhaji, wannan ma yana kashe komai," ɗauki hoton kwalbar ka nuna wa malamin gona na BSADP, hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Bauchi, kafin ka biya. Mai araha fiye da kima ma abin tuhuma ne, kuma ka nemi rasit mai ɗauke da sunan maganin.