Belun kunnen da na saya saboda ƙarar injin niƙa

Injin niƙa gare ni a kasuwar Muda Lawal, nan Bauchi, kuma hannuna kullum cikin gari yake. Shi ya sa nake faɗa wa waya lissafi da baki tana rubutawa: mudu nawa, na wane ne, an biya ko bashi. Da sassafe ba ta kuskure. Inji na tashi, sai bakwai ta koma takwas, ni da mai hatsi mu yi ta musu.

Wata uku ke nan da na sayi belun kunne mai rufe kunnuwa ruf, da ɗan makirufo a gefen baki, wai mai tace hayaniya. Kuɗinsa ya kusa cinye cinikin kwana biyu.

Makirufon dai bai burge ni ba. A satin farko nakan ɗage kunne ɗaya don in ji masu kawo niƙa, kuskuren kuwa yana nan. Ƙanena da ke koyon gyaran jirgin sama a Zariya ne ya saurari abin da na naɗa, ya ce, "Yaya, ai ƙarar injin ta ragu. Muryarka ce ba taka ba."

Ashe abin har suna gare shi, wai "Lombard effect" da Turanci. Wani likitan kunne Bafaranshe, Étienne Lombard, ya yi rubutu a kai a 1911: mutum na shiga hayaniya sai ya ɗaga murya bai sani ba, ta ƙara siranta, yana jan wasula. Na'urar da ta saba da magana cikin natsuwa sai ta rikice. Ƙanena ya ce haka matuƙan jiragen yaƙi ke fama, ga rurin inji ga takunkumin iska a baki. Jirgin Eurofighter Typhoon yana karɓar umarni da murya, amma ba a yarda a harba makami ko a sauke tayoyi da shi ba. To ina ga wayata?

Da na rufe kunnuwan biyu sai na daina ihu, lissafi ya fara daidaita. Soson da ke rufe kunnen ne ya yi aikin, kuma yanzu nakan koma gida kunnena ba ya ƙugi.

Aibinsa zafi: da azahar gumi har wuya, ga gari na liƙewa a soson makirufon. Kuma ba na jin sallamar mutane, sai yarona ya taɓo ni.