Wata uku da zoben zamani a yatsana

Gajiya da duba waya ce ta sa na sayi zoben nan mai auna barci da bugun zuciya. Agogon zamanin da nake ɗaurawa ma ya koma wata ƙaramar waya a wuyan hannu, ko wane saƙo ya shigo sai ya girgiza ni. Na ce bari in gwada abin da ba shi da allo kwata-kwata, ba ya ƙara, ba ya kirana.

Kafin zoben ya iso, sai da kamfanin ya turo min zobban roba na gwaji, aka ce in kwana da wanda nake ganin ya yi min. Na raina shawarar, ashe da dalili: yatsa na kumbura cikin dare. Wanda ya zauna daram da yamma, da safe sai da sabulu na zare shi. Na ƙara lamba ɗaya, na sa a manuniya.

Aikinsa ya burge ni, ba ƙarya. A cikinsa akwai 'yan mitsi-mitsin fitilu da ke harba haske cikin fata, da wani ɗan ido mai auna hasken da ya dawo. Duk bugun zuciya jini kan ƙaru a jijiyoyin yatsa, sai hasken da ke dawowa ya ragu, da haka yake ƙirga bugun. Yana kuma auna ɗumin fata da motsin jiki. Daren farko na farka na ga wani koren haske na leƙowa daga tsakanin yatsuna a cikin duhu, sai da gabana ya faɗi kafin na tuna. Caji ɗaya yakan kai ni kwana biyar, kuma bayan mako guda na manta ma yana hannuna, sai dai in ya ƙwanƙwasa kofin gilashi. Shi ya nuna min cewa duk ranar da na yi aiki har tsakar dare, zuciyata ba ta lafawa sai wajen asuba.

To amma zoben kurma ne kuma bebe. Yana tara labari, ba ya iya faɗa. In ina son sanin yadda na yi barci, dole in buɗe manhajarsa a waya. Sai ga ni, ko tashi zaune ban yi ba, na lalubo wayar don ganin maki nawa aka ba ni, daga nan yatsa ya zame zuwa saƙonni, rabin awa ta tafi. An gudu ba a tsira ba.

Na gwada haɗa shi da abin sawa a kunne, waya na karanta min komai da murya. A nan na gane abin da ya sa allo ke da wuyar kayarwa. Ido yana share saƙo goma a kallo ɗaya ya tsinci mai muhimmanci, kunne kuwa sai ya bi layi, ɗaya bayan ɗaya. Ga shi ba ka iya amsa saƙon sirri da baki a cikin mutane.

Wani abin da ke min tsaye a rai shi ne zoben ba ya rayuwa shi kaɗai, ya dogara da kwamfutocin kamfani da kuɗin da nake biya duk wata. Labarin AI Pin ya isa izina. Kamfanin Humane, wanda tsofaffin ma'aikatan Apple suka kafa, ya fitar da ita a Afrilun 2024: 'yar na'ura ce da ake maƙalawa a ƙirjin riga, tana haska rubutu a tafin hannu. A Fabrairun 2025 kamfanin kwamfuta na HP ya saye kadarorin Humane kan dala miliyan 116, ranar 28 ga watan aka yanke wa na'urorin hanyar sadarwa, masu su suka wayi gari da abin ado. Duk da haka manyan kamfanoni ba su haƙura da neman abin da zai maye gurbin waya ba. A Mayun 2025 OpenAI, mai manhajar ChatGPT, ta sanar da sayen io, kamfanin ƙera na'urori na Jony Ive, wanda ya jagoranci zanen iPhone, kan kusan dala biliyan 6.5. Abin dariya kuma, tabarau na zamani na Ray-Ban Meta da suka yi suna ba tare da allo ba, a Satumban 2025 sai ga sabon samfurinsu da ɗan allo a cikin gilashin dama.

Zan ci gaba da sa zoben? Zan ci gaba, saboda barci kawai. Mai neman abin da zai maye masa gurbin waya kada ya ɓata kuɗinsa. Da masu ƙera shi za su ji tawa, da sun sa masa 'yar girgiza guda ɗaya da safe, mai nufin yau ka huta ko yau ka bi a hankali, shi ke nan. Kafin su yi, na mayar da cajar waya falo, makin barcin kuma sai azahar nake dubawa.