Wayar wuta a ƙarƙashin daɓen katako

A tsofaffin gidajen Manchesta, irin wanda nake haya a ciki, daɓen ɗaki na katako ne, an jera shi a kan wasu manyan katakai masu kama da azara, ta ƙarƙashinsu kuma wayoyin lantarki da bututun ruwa suke bi. Da mai gidan ya so a kai wuta ɗakin baya, sai da aka daɗe ana jira kafin mai aikin wuta ya samu sararin zuwa, kuma kuɗin da ya yanka sai da ya sa na riƙe baki. A nan kam na yi kewar gida, inda za ka kira mutum da hantsi, kafin azahar ya gama, ku rabu da godiya.

Amma da ya ɗaga katakan ya fara aiki, sai fushina ya huce. Fayif ɗin roba mai faɗin milimita 20 ya sa, wanda waya za ta bi ta cikinsa, bai kuma yarda ya bar shi yana lilo ba. Inda fayif ɗin ya bi tsawon katako, ya kafa shi a gefensa da maƙalai, kowanne da ƙusa mai zare, tazararsu daidai, ya kuma ƙara wasu kusa da kowace kwana. Bai matse su har ƙarshe ba, domin roba tana miƙewa idan ta ji zafi, ta koma idan sanyi ya shigo, idan kuwa aka shaƙe ta sai ta lanƙwashe ko mahaɗarta ta saki. Ya nisanta fayif ɗin daga bututun ruwan zafi da ke ɗumama gida. Inda ya zama dole a ratsa katako, a tsakiyarsa ya huda, saboda ƙa'idarsu ta aikin wuta, wato BS 7671, ta ce waya ta yi nisan aƙalla milimita 50 daga sama ko ƙasan katakon, don kada wani ya zo daga baya ya buga ƙusa ta same ta. Kafin ya rufe ya gwada layin da na'ura, sannan ya rubuta takardar shaida ya sa hannu. Tun 2005 dokar gini ta Ingila ta shigo da aikin wutar gidaje a ƙarƙashinta, shi ya sa ba a wasa da wannan takarda.

Duk wannan aiki ne da babu mai sake ganinsa, kuma shi ne ya tsaya mini a rai. Mu da muke amfani da soket iri ɗaya da nasu, me ya hana mu wannan kulawa? A wurinmu sai a lanƙwasa ƙusa a kan fayif, ko a ɗaure shi da guntun waya, ko a jefa waya tsirara cikin silin ɓeraye su ci rabonsu, a haɗa biyu da salatif, a ce ai filasta za ta rufe. Idan gobara ta tashi, kamar yadda muka sha gani a kasuwanninmu, sai mu ce ƙaddara ce, alhali an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Laifin ma ba na masu aikin kaɗai ba ne, domin mai gini ne ke neman mafi araha, yana ganin kuɗin maƙali asara.

Na riga na gaya wa ƙanena da ke kula mini da gini a Kano cewa ba zan aika kuɗin filasta ba sai ya turo mini hoton kowane fayif a kafe a wurinsa, ɗaki bayan ɗaki.