Kafin ka sayi kifin muren a Damagaram, fara duba abin da zai ci

Duk baƙon da ya shigo ɗakina ya ga muren ya leƙo daga cikin tiyon da ke akwatin gilashinsa yana buɗe baki yana rufewa, abin da yake fara cewa shi ne kifin nan yunwa yake ji. Numfashi ne kawai. Haka yake zuƙar ruwa ya fitar da shi ta ƴan ramukan da ke gefen wuyansa. Amma wannan bakin da ke buɗe kullum ya sa mutane da yawa sun ɗura wa kifinsu abinci har ya halaka, shi ya sa nake son mai niyyar saye ya san maganar ci tun kuɗinsa na aljihu.

Muren dogon kifin teku ne, a fasali kamar gaiwar da muka sani a tafki, kuma nau'o'insa sun kai wajen 200. Wajen ci sun rabu gida biyu, haƙora ne ke nuna maka gidan kowanne. Masu haƙora tsini kamar allura kifi suke farauta, yawancinsu ƴan dangin Gymnothorax ne. Masu dasasshen haƙora kamar tsakuwa kuwa ƙaguwa da jatan lande suke murƙushewa. A wannan gida na biyu akwai mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi da rawaya, Echidna nebulosa, wanda a akwatin gilashi yakan tsaya wajen santimita 60, da mai zanen jakin dawa, Gymnomuraena zebra, wanda kan iya kai mita ɗaya da rabi. Mai ɗigo-ɗigon nake kiwo, shi kuma nake ba mutumin Damagaram shawara ya ɗauka. Akwati mai lita 200 zuwa 300 ya ishe shi, yana saurin sabawa da mataccen abinci, kuma bai cika tsirfa ba. Mai zanen jakin dawa yana da sanyin hali, sai dai yana son akwati da ya haura lita 450, kuma wani lokaci sai ya kafe a kan ƙaguwa, abin da ba ka samu ɗanye a nan. Akwai wani siriri mai kama da kirtani, shuɗi da bakin rawaya, Rhinomuraena quaesita. Kyansa na ɗaukar ido, amma ya yi suna wajen ƙin cin abinci a akwati har ya mutu. Kar ka saye shi. Wani koren muren na tekun Atlantika kuma yana wuce mita 2, ba na ɗaki ba ne.

Tunda sai an yi maka odar kifin daga biranen bakin teku, ka ce wa mai sayarwa ya turo maka bidiyo ta WhatsApp kifin na karɓar mataccen jatan lande daga kan tsinke. In ya ce sai mai rai yake ci, ka haƙura da shi.

Mu zo ga abincin. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne kifinmu na gida, karfasa da tarwaɗa da ake kawowa daga tafkuna, ga bandar da ke zuwa daga wajen Difa. Banda dai a cire ta daga lissafi, tare da busasshen kirefish na miya, domin hayaƙi da bushewa sun canza su, ruwa kawai za su ɓata maka. Ɗanyar karfasa muren zai karɓa, kuma in an matsu sau ɗaya ba laifi. Matsalar tana zuwa ne in ta zama abincin kullum: kitsen kifin ruwan daɗi ba irin wanda jikin kifin teku ke buƙata ba ne, da tafiya ta yi nisa hanta takan yi kitse. Ƴan jajayen kifayen ado da wasu ke jefa masa da rai sun fi muni. Jikinsu na ɗauke da wani sinadari, tiyaminas, mai lalata bitamin B1, kuma kifin da ya rasa wannan bitamin yakan daina ci, ya riƙa juyi ba daidai ba. Ga kuma cutar da suke iya shigowa da ita.

Zaɓi na biyu shi ne kifin kwali, wato daskararren kifin teku da ke zuwa daga biranen bakin teku, ana sayarwa a shagunan masu firigo. Shinshar ya fi dacewa a cikinsu. A cire ƙaya, a yanka tsokar siriri-siriri kamar ɗan yatsa. Makaro maiƙonsa ya yi yawa, za ka ga ya kwanta a saman ruwa bayan awa ɗaya. Kifin kwali shi ya fi araha, shi kuma ya fi samuwa duk shekara, amma ga mai dasasshen haƙora rakiya ne, bai isa ya zama tuwonsa ba.

Tuwonsa shi ne ɗanyen jatan lande daskararre, da ɓawonsa, wanda ba a dafa ba, ba a sa masa gishiri ko yaji ba. Ka duba launi: ɗanye toka-toka ne, wanda ya yi ja an riga an tafasa shi. A nan garin samunsa sai an dace, ni dai nakan yi saƙo Kano ko Yamai a zo mini da shi cikin kula da ƙanƙara, in haɗa da kalamar, wannan naman teku fari mai santsi da hannaye da yawa. Tsada kam akwai ta, sai dai kilo ɗaya yana kai kifi ɗaya watanni. Kar ka tsaya a kan jatan lande kaɗai, domin wasu nau'o'insa ma suna da tiyaminas. Yau jatan lande, ci na gaba kalamar, na gaba shinshar. In ka samu ruwan bitamin na kifin teku irin Selcon, ka jiƙa yankan a ciki sau ɗaya a mako. Abincin gwangwani mai ƙwaya-ƙwaya da ake ba sauran kifin ado kuwa yawancin muren ko kallonsa ba sa yi, kar ka kashe kuɗinka.

Duk wannan zaɓi a kan firigo ya rataya. Wata bazara an ɗauke mana wuta yini da kwana, jatan landen ya narke ya sake daskarewa, na duba ban ji wari sosai ba, na ba shi. Da asuba na tarar ya amayar da shi, ruwan ya yi fari kamar an zuba tsamiya a kunu, kifin yana haki a saman akwati. Sai da na canza kusan rabin ruwan. Ruwan muren kuwa ba na famfo da gishirin Bilma ba ne, gishirin teku ne na musamman da ake haɗawa wajen giram 35 a kowace lita, shi ma daga nesa yake zuwa. Tun ranar nake raba abincin ci ɗaya-ɗaya a ƙananan ledoji, in jera su tsakanin gorunan ƙanƙara a ƙasan firigo, abin da ya narke kuma ya tafi tukunya ko shara. Wanda ba shi da sola ko gurup da zai riƙe firigo da injin iska na akwati, ya fara tanadinsu kafin kifi.

Sau nawa za a ba shi? Ƙarami da bai kai santimita 30 ba, bayan kowane kwana biyu ko uku. Babba, sau ɗaya ko biyu a mako. Yanka biyu zuwa huɗu, kowanne bai fi faɗin bakinsa ba, da ka ga cikin ya ɗan taso ka tsaya. Mahaifiyata ta daɗe ba ta yarda da wannan ba. Wata rana ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Kai ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Ka tsare dabba kwana uku ba ci, ka manta matar da ta shiga wuta saboda kyanwa?” Na ce, “Inna, Allah ya huci zuciyarki, shi haka aka halicce shi. A teku ma in ya samu ya cika ciki, sai ya shige rami ya yi kwanaki yana narkarwa.” Maganarta gaskiya ce ta fuskar haƙƙi, kuma haƙƙin wannan dabbar ya haɗa da a bar cikinta ya huta. Babban muren mai lafiya yakan yi makonni bai ci ba, musamman in sabon zuwa ne. In ya ƙi ci, ka auna ruwa tukuna kafin ka canza abinci.

Yanayinmu ma yana shiga lissafi. Ruwan na son ya zauna tsakanin digiri 24 da 27, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi na haura 40. Ruwa mai ɗumi iskarsa kaɗan ce, kifin da ya cika ciki kuma ya fi buƙatar iska, don haka a bazara nakan rage yanka ɗaya, in ba shi da dare bayan gari ya sha iska. A hunturu in ruwan ya yi sanyi, shi da kansa yake rage ci.

Ka sayi dogon hantsaki na roba ko ka feƙe sanda mai kamu biyu, ka dasashe bakinta. Idon muren ba ya gani sosai, da hanci yake nema. Da yankan ya taɓa ruwa za ka ga ƴan bututun hancinsa biyu suna motsi, ya fito yana lalube hagu da dama, ya wuce abincin, ya dawo, sannan ya cafke. Abin da ke biyo baya sai an kula ake gani: yankan ya tsaya a baki, sai ya zarce ciki kamar an ja shi da igiya. Wani muƙamuƙi ne na biyu a maƙogwaro da ke zaburowa gaba ya ja abincin, wanda Rita Mehta da Peter Wainwright na jami'ar Kalifoniya a Davis suka bayyana aikinsa a 2007. Dabbar da ba ta bambance yatsa da jatan lande ba a ba ta da hannu, kuma cizonta na saurin ruruwa, in ya faru a wanke a tafi likita. Bayan minti goma ka tsame duk abin da ya rage, ka mayar da murfi ka danne shi da abu mai nauyi, ka toshe ramin da wayoyi ke bi da soso, domin daren da ya ji ƙanshin abinci shi ne daren da ya fi yawo yana neman kafar fita.