Sikanin ko Eksire: Wanne Za a Yi?

Mutane sun dame ni da tambayar nan, musamman mata: sikanin ya fi ko eksire?

Sikanin da sauti yake aiki. Na'urar na aika sautin da kunne ba ya ji cikin jiki, ya dawo, kwamfuta ta mai da shi hoto nan take. Babu haske mai cutarwa a ciki, shi ya sa ake yi wa masu juna biyu don ganin kwanciyar jariri da bugun zuciyarsa. Yana nuna hanta, ƙoda da tsakuwar matsarmama. Wani lokaci sai an sha ruwa mafitsara ta cika, wanda riƙe fitsarin a layi ba ƙaramin aiki ba ne! Amma fa ingancin sakamakon ya dogara da ƙwarewar mai dubawa, don haka kada araha ta ja ki ko'ina.

Raunin sikanin shi ne ƙashi da iska. A nan eksire, wanda aka gano tun 1895, ya yi masa fintinkau. Sai dai yana da haske mai illa idan ya yi yawa, mai ciki kuma ta sanar kafin a ɗauka.

Mai juna biyu ko mai ciwon ciki, sikanin ya fi dacewa da su. Wanda ya karye aka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala, ko mai tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, eksire likita zai fara nema.