Wata shida da na'urar awo mai leza: a ɗaki sarauniya, a rana makauniya

Sana'ata haɗa tagogi da ƙofofin alminiyam, shagona yana Mabera a Sakkwato. Duk wanda ya san aikin ya san ribarmu a bakin tef take. Ka kuskure inci ɗaya ka yanka, to kuɗin ya tafi, don abin da zarto ya ci ba ya dawowa. Shekara goma sha ɗaya ina awo da tef, ni a wannan gefe, yaron shago a wancan, ina cewa "ja da kyau", yana cewa "na ja, maigida", alhali tsakiyar tef ɗin ya yi ciki kamar igiyar shanya.

A watan Nuwamba na sayi na'urar awo mai leza, wato mai harba siririn haske, wadda aka rubuta tana kai mita 40. Girmanta bai wuce ƙaramar wayar hannu ba, batir biyu take ci, kuma kuɗinta bai fi na buhun siminti huɗu ba a lokacin. Ka jingina gindinta da bango, ka danna, jan ɗigo ya bayyana a ɗaya bangon, kafin ka ƙifta ido lamba ta fito.

Ranar da na fara kai ta aiki, wani gini ne a Arkilla. Dattijon maginin da ke wurin ya ji na ce leza, shi kuwa reza ya ji. Ya ja da baya ya ce, "Wanga abu yanka shika yi?" Na ce, "A'a Baba, awo take yi." Bai yarda ba sai da muka gwada ta da tef ɗinsa sau uku, duka suka zo ɗaya. Abin da ya ɓata masa rai daga baya shi ne da na auna ramin taga sama da ƙasa, sai ƙasan ya fi saman faɗi da santimita biyu. Shiru ya yi, ya aiki yaro ya kwaɓo siminti.

A cikin ɗaki ba ni da abin cewa sai yabo. Tsawon silin da a da sai an hau tsani, yanzu daga ƙasa nake ɗauka. Gida mai taga goma sha biyu ni kaɗai nake gama shi kafin a kira azahar. Takardarta ta ce kuskurenta ba ya wuce milimita 2, kuma duk gwajin da na yi a inuwa bai ƙaryata ta ba. Tana juya mita zuwa ƙafa da inci, abin da ya yi mini daɗi, tunda masu gida a nan har gobe da ƙafa suke lissafi.

Ƙanena da ke karatun kimiyyar fiziks a Jami'ar Usmanu Danfodiyo shi ya warware mini yadda take aiki, wani dare muna shan shayi. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka zuwa da dawowa a ɗaki mai mita 5 kashi 33 ne kacal cikin biliyan na daƙiƙa. Irin tawa ba ta tsaya ƙirga wannan kai tsaye ba. Takan sa hasken ya riƙa ƙaruwa yana raguwa sau miliyoyi a daƙiƙa, sai ta kwatanta wanda ya fita da wanda ya dawo, ta ga da nawa ya makara. Ya ce tun 1983 ita kanta mitar da gudun haske aka ƙayyade ta, wato tef ɗin da nake taƙama da shi ma almajirin haske ne. Kuma da leza ake auna nisan wata, ana harba ta kan madubin da 'yan sama jannatin Amurka suka ajiye a can a 1969, har aka gano watan yana nesanta da mu kusan santimita 3.8 duk shekara. Na ce to mu nan masu duban jinjiri a Sakkwato ba mu lura ba.

Sai dai a fita waje. Wani alhaji ya roƙe ni in duba masa fulotinsa, hamsin da ɗari, wajen ƙarfe sha biyun rana. Na danna, na nemi ɗigon sama da ƙasa, babu. Ranar Sakkwato ta haɗiye shi tun bai kai mita goma ba. Na'urar tana ta ƙara tana nuna alamar kuskure, alhaji yana kallona, daga ƙarshe tsohon tef ɗina ne ya fitar da ni kunya. Dalili kuwa ƙarfin hasken bai kai miliwat 1 ba, da gangan aka yi shi haka don kada ya cutar da ido, to ina zai yi gasa da rana tsaka? Dabarar da na koya: a yi awon waje da sassafe ko dab da magariba, a kuma sa yaro ya riƙe farin kwali a ƙarshen. A hunturu ma ƙura tana rage mata nisa, ko da yake a lokacin kakan ga zaren hasken a iska, abin sha'awa. Ranar da yara suka gan shi sai da na ɓoye ta, don kada su haska wa juna a ido.

Gilashi da madubi da tayil mai sheƙi suna ruɗa ta, wanda ga mai aikin taga ba ƙaramin abu ba ne. Sai na manna takarda kafin in auna. Zafi ma ba ta so. Takardarta ta ce iyakarta digiri 40, mu kuwa a watan Afrilu mukan wuce haka. Na taɓa barinta a akwatin babur, da na ɗauko ta ƙi aiki sai da ta huce a inuwa.

Asara ɗaya na yi, kuma laifina ne. Akwai maɓallin da ke zaɓar ko daga gindinta za ta fara lissafi ko daga bakinta. Yatsana ya taɓa shi ban sani ba, na auna taga biyu, kowace ta ragu da tsawon na'urar, kusan santimita 11. Sai da na kai su wurin kafawa na gani. Ya kamata a ce alamar da ke nuna inda za ta fara lissafi ta fi haka girma a fuskarta, amma ni ma da na duba da na gani.

Ƙanena yana ta zuga ni in koma mai koren haske, wai idon mutum ya fi ganin kore a kan ja, shi ya sa sababbin da ake fitarwa da yawa kore ne, wasu har da kyamara mai nuno maka inda ɗigon ya sauka. Ya ce tun 2020 wasu wayoyin iPhone ma suna zuwa da tasu na'urar awo da haske. Na gwada ta wani abokina, ta isa a kimanta ɗaki, amma ba zan yanka alminiyam a kan maganarta ba.

Mai aikin taga, silin, tayil ko labule, ya saya, zai ga amfaninta. Mai auna filaye ya nemi babba, wannan ba tasa ba ce. Ni dai yanzu ita a aljihun dama, tef a na hagu. Makon jiya Baba magini ya aiko jikansa wai in ara masa "rezar nan", zai duba ramukan tagogi kafin in iso.